Yadda Sufeton Tukunyar Tururi na Jiha Yake Gudanar da Aikinsa a Amurka

A yawancin makarantu da asibitoci da otal-otal da masana'antun Amurka akwai wani ɗaki, galibi a ƙarƙashin gini ko a bayansa, inda ake girke tukunyar tururi, wadda ma'aikata ke kira boila. A bangon ɗakin za ka tarar da wata takarda a cikin firam, ɗauke da lambar tukunyar, da iyakar matsin da aka yarda ta yi aiki da shi, da ranar da izinin zai ƙare. Wannan takarda ba ta fitowa sai wani sufeto ya zo ya duba da idonsa, ya gwada da hannunsa, ya rubuta rahoto ya sa hannu. Bayanin da ke tafe na wanda yake son sanin yadda ake wannan aiki ne, ko don yana shirin shigarsa, ko don shi ne mai tukunyar da za a zo a duba.

Kafin komai, wajibi ne sufeto ya fahimci abin da yake tsarewa. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, kuma ba ya wuce nan komai yawan itacen da aka tura a murhu. Idan aka rufe tukunyar ruf har matsi ya taru, ruwan yana ci gaba da shan zafi yana nan a ruwansa. A matsin fam 100 kan kowane inci murabba'i, ma'aunin da Amurkawa ke taƙaitawa da psi, zafin ruwan yana kaiwa kimanin digiri 170. Da zarar ƙarfen ya tsage matsin ya faɗi farat ɗaya, wani kaso na ruwan yana rikiɗewa ya zama tururi nan take, tururi kuwa yana neman wurin da ya ninka na ruwa kusan sau 1,600. Wannan ƙarfi ne yake tumɓuke tukunya mai nauyin tan da yawa daga mazauninta ya huda rufin gini da ita. Don haka mafi yawan haɗarin yana kwance a cikin ruwan zafin, fiye da tururin da ke samansa, kuma ƙaramar tukunyar dumama ruwa ma ba abar rainawa ba ce.

Dokokin da sufeto yake aiki da su bayan an yi asarar rayuka aka rubuta su. A watan Afrilu na 1865 tukwanen jirgin ruwan Sultana suka fashe a kogin Mississippi kusa da Memphis, mutum fiye da 1,100 suka hallaka. A 1866 aka kafa kamfanin Hartford Steam Boiler a jihar Connecticut, wanda ya haɗa inshora da dubawa, bisa hujjar cewa wanda zai biya diyya shi ne zai fi kowa sa ido. Amma abin da ya tilasta wa jihohi shiga lamarin da ƙarfin doka shi ne fashewar da ta auku a masana'antar takalma ta Grover da ke Brockton a jihar Massachusetts ranar 20 ga Maris, 1905, inda wata tsohuwar tukunya ta tsage a wurin haɗin farantanta, ta keta benayen ginin, ginin ya rufta ya kama da wuta, mutum 58 suka mutu. A 1907 Massachusetts ta kafa hukumar tsara ƙa'idojin tukwanen tururi. Ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka, ASME, ta fitar da kundin ƙa'idojin ƙira na farko, bugun 1914, sannan a 1919 manyan sufetocin jihohi suka kafa ƙungiyarsu, National Board, mai hedikwata a Columbus ta jihar Ohio, domin tukunyar da aka ƙera a wata jiha ta sami karɓuwa a wata. Littattafai uku ke nan suke kan teburin sufeto har yau: kundin ASME na ƙira, da kundin National Board na girkawa da dubawa da gyara wanda ake kira NBIC, da dokar jiharsa, wadda ita ce take ba sauran biyun ƙarfin zartarwa.

Yadda ake zama sufeto

Ba a shiga aikin da takardar makaranta kaɗai. National Board tana haɗa karatu da gogewa ta ba su maki, ta yadda wanda ya karanta injiniyanci zai buƙaci ƙarancin shekarun aiki a kan wanda ya taso a matsayin mai walda ko mai kula da tukunya, amma kowannensu sai ya cika makin ya kuma ci jarrabawa. Bayan cin jarrabawa, takardar ikon dubawa ba ta zama a hannun mutum sai yana aiki ƙarƙashin wata hukuma da aka amince da ita, kuma ana sabunta ta duk shekara. Jihohi da dama suna ƙara tasu takardar ƙwarewa a kai. A saman tsarin akwai babban sufeton jiha, wanda ofishinsa yake ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago a wasu jihohi, a wasu kuma ƙarƙashin ofishin kashe gobara ko na tsaron lafiyar jama'a. Ƙarƙashinsa akwai mataimakan sufeto waɗanda jiha take biya. Sai kuma sufetocin kamfanonin inshora, waɗanda doka ta yarda su duba tukwanen da kamfaninsu ya yi wa inshora su aika da rahoto ga jiha, kuma a wurare da yawa su ne suke yin kaso mai tsoka na aikin. Dokokin jihohi da dama sun hana sufeto sayar da kayan tukunya ko shiga harkar gyaranta, kuma dalilin a fili yake, domin wanda yake da riba a gyara bai kamata ya zama shi ne mai cewa a gyara ba.

A Najeriya, inda masana'antun gumi na shinkafa da na saƙa da na lemon kwalba suke amfani da irin waɗannan tukwane, Dokar Masana'antu ta ɗora wannan nauyi a kan ma'aikatar ƙwadago ta tarayya. A Amurka kuwa kowace jiha da dokarta, har wasu manyan birane suna da tasu daban, don haka abin da za ka fara haddacewa shi ne iyakar ikonka. Tukwanen jiragen ruwa da na jiragen ƙasa da na gine-ginen gwamnatin tarayya galibi ba sa ƙarƙashin ikon jiha, haka kuma yawancin jihohi sun cire gidajen zaman iyali da ƙananan gidajen haya daga lissafi.

Kafin ka bar ofis

Ka buɗe fayil ɗin tukunyar ka karanta rahotannin baya, musamman abin da wanda ya gabace ka ya ce a gyara, domin shi ne abin da za ka fara nema idan ka isa. Ka san ajin tukunyar. Wadda tururinta bai wuce psi 15 ba, ko wadda take dumama ruwa a matsin da bai wuce psi 160 ba da zafin da bai wuce digiri 121 ba, tana cikin masu ƙaramin matsi. Abin da ya haura haka babbar tukunya ce, kuma a yawancin jihohi ana duba cikinta sau ɗaya a shekara, a kuma duba ta daga waje tana cikin aiki. Masu ƙaramin matsi a wurare da yawa duk shekara biyu ake duba su. Idan duban ciki za ka yi, ka sanar da mai tukunyar da wuri, domin shi ne zai kashe wuta, ya bar ta ta huce a hankali, ya zubar da ruwan, ya buɗe ƙofofin shiga da na zura hannu, ya wanke cikin. Idan ka iso ka tarar ba a shirya ba, doka ta ba ka damar ƙin dubawa da riƙe takardar izini har sai an shirya yadda ya kamata.

Duba tukunya tana cikin aiki

Da shigarka ɗakin, kada ka nufi tukunyar kai tsaye. Ka tsaya ka dubi ɗakin kansa, domin yana ba da labarin masu kula da shi. Ɗakin da aka mai da shi rumbun ajiye kwalaye da gwangwanayen fenti, ko aka toshe tagar shigar iska da katako saboda sanyin hunturu, ya riga ya gaya maka rabin abin da za ka rubuta. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da gubar hayaƙi marar launi marar wari, wadda take kashe mutum yana zaune, shi ya sa duba hanyar iska da bututun fitar hayaƙi yake cikin aikinka kamar duba ƙarfen. Ka dubi ƙasa ko akwai jiƙa, ka dubi rigar da aka lulluɓe tukunyar da ita ko akwai tabon tsatsa ko farin gishiri da ya bushe, alamar yoyo da ke ɓoye a ciki. Sannan ka nemi farantin suna da ke jikinta, ka tabbata hatimin ASME da lambar rajista da iyakar matsi sun yi daidai da abin da ke cikin fayil, domin ana sauya tukunya a bar tsohuwar takarda a bango.

Daga nan sai ka nemi mai kula da tukunyar da littafin aikinsa. Littafin da kowane layi aka rubuta lamba iri ɗaya da biro iri ɗaya na tsawon wata guda, da wuya a ce ba a zama ɗaya aka cika shi ba. Ka yi masa tambaya cikin girmamawa: me zai yi idan ya dubi gilashin da ke nuna matakin ruwan tukunya ya ga babu ruwa? Amsar da ta dace ita ce ya kashe wuta ya bar tukunyar ta huce, kada ya kuskura ya tura mata ruwan sanyi, domin ruwan sanyi a kan ƙarfen da ya yi ja shi ne fashewar kanta. Wanda ya yi inda-inda a wannan tambaya, ka rubuta buƙatar horo a rahotonka ko da komai na tukunyar lafiya yake.

A kan wannan batu na matakin ruwa ya kamata ka fi daɗewa, domin rahotannin haɗurra da National Board ta tattara na shekaru sun sha nuna cewa ƙarancin ruwa da kuskuren mai kula da rashin kulawa su ne kan gaba wajen jawo ɓarna. Ruwan da ke cikin tukunya shi ne yake kwashe zafi daga jikin ƙarfe. Idan ya sauka ya bar bututu tsirara a gaban wuta, ƙarfen yana laushi ya kumbura ya yage. Abubuwa biyu ne suke tsaye tsakanin tukunya da wannan hali, wato gilashin ganin ruwa da na'urar da take kashe wuta idan ruwa ya yi ƙasa, kuma dukansu suna iya yin ƙarya. Gilashin yana haɗe da tukunya ta ƙananan bututu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma idan laka ta toshe na ƙasan, ruwan da ya maƙale a gilashi zai ci gaba da nuna rabi alhali tukunyar ta ƙafe. Saboda haka ka sa mai kula ya buɗe magudanar gilashin a gabanka. Ruwan zai ɓace daga gilashi tare da ƙarar tururi, kuma da zarar an rufe ya kamata ya dawo mazauninsa da hanzari yana ɗan rawa sama da ƙasa. Idan ya dawo yana jan ƙafa, ko ya tsaya cik ba ya motsi, akwai toshiya.

Na'urar kashe wuta kuwa, a tsohon samfurinta, wani ƙoƙon ƙarfe ne mai yawo a kan ruwa cikin ɗan akwati, idan ruwa ya sauka sai ya sauka da shi ya katse wutar lantarkin murhu. Laka tana taruwa a ƙasan akwatin har ta tokare ƙoƙon, ya zauna a kanta ya kasa sauka. Gwajin gaggawa shi ne a buɗe magudanar akwatin wuta tana ci, a ga ko murhun zai mutu nan take. Sai dai wannan gwaji yana fizgar ruwan da ƙarfin da ba ya faruwa a zahiri, har ƙoƙon da ya ɗan maƙale yana iya faɗuwa ya ruɗe ka. Gwajin da ya fi gaskiya shi ne a tsai da ruwan shiga a bar matakin ruwan ya sauka a hankali, kai da mai kula idonku yana kan gilashi, hannunsa yana kusa da makunni. Wajibi ne wutar ta mutu tun ruwa bai ɓace daga gilashin ba. Idan ya kusa ɓacewa wuta tana ci, ku kashe da hannu, kuma wannan tukunya ba ta koma aiki sai an gyara. Ka kuma buɗe akwatin wayoyi ka duba, domin abin takaici ne yadda ake samun wanda na'urar ta dame shi da yawan kashe wuta, sai ya haɗa 'yar waya ya tsallake ta gaba ɗaya. Ka lura cewa mai kula ne yake taɓa bawul da makunni, kai kuwa shaida ne kuma mai ba da umarni, domin shi ya san halin tukunyarsa.

Sai bawul ɗin tsira, wanda yake buɗewa da kansa ya saki tururi idan matsi ya kai iyaka. Shi ne kariya ta ƙarshe idan duk sauran na'urori sun gaza. Ka karanta farantinsa: matsin da aka saita shi a kai kada ya wuce iyakar matsin tukunyar, kuma yawan tururin da yake iya fitarwa kada ya gaza abin da murhun yake iya samarwa. Wannan batu na biyu ana yawan mantawa da shi idan an sauya murhu an sa wanda ya fi ƙarfi. Ka tabbata dalmar hatiminsa ba a tsinke ta ba. Ba a yarda a sa wani bawul na rufewa tsakaninsa da tukunya ba ko kaɗan, bututun fitarsa kuma kada ya fi bakinsa ƙanƙanta, kada nauyinsa ya rataya a wuyan bawul ɗin, kada ya fuskanci inda mutane suke tsayawa. Babbar tukunyar da faɗin wurin dumamarta ya wuce ƙafa murabba'i 500 tana buƙatar bawul biyu ko fiye. Ana gwada shi ta ɗaga mariƙinsa idan matsi ya kai aƙalla kashi 75 cikin 100 na inda aka saita shi, ko a cire shi a kai wurin masu izinin gwaji. Bawul ɗin da yake ɗiga abin damuwa ne, domin gishirin ruwan da yake bushewa a bakinsa yana iya liƙe shi. Wanda aka toshe bakinsa da murfi don a huta da ɗigar kuwa, wannan dalili ne na tsai da tukunya a take.

Wanda yake ganin wannan tsanani ya yi yawa ga ƙananan tukwane, ya tuna da makarantar firamare ta Star a garin Spencer na jihar Oklahoma. Ranar 19 ga Janairu, 1982, tukunyar dumama ruwa ta ɗakin girkin makarantar ta fashe ana cikin cin abincin rana, yara shida da malama ɗaya suka rasu. Bincike ya nuna cewa na'urar daidaita wutar ta gaza, kuma an riga an cire sashen bawul ɗin tsira da yake jin zafi.

Ka ƙarasa da ma'aunin matsi, ka gwada shi da naka wanda aka tantance, sannan ka sa a gwada na'urar da take lura da harshen wuta, wadda take rufe gas ko mai idan wuta ta mutu. Idan ba ta aiki, mai yana taruwa a gidan wuta, kunnawa ta gaba ta zama fashewa. Ka tabbata akwai makunnin kashewa na gaggawa kusa da ƙofa inda doka ta buƙace shi.

Shiga ciki

Kada ka zura ko da kanka a cikin tukunya sai ka tabbatar da kanka cewa an rufe hanyar mai da ta lantarki da ta ruwan shiga da ta tururi da ta magudana, an sa kwaɗo, kai ma ka sa naka kwaɗon ka riƙe mabuɗin a aljihunka. Wannan ya fi muhimmanci inda tukwane biyu ko uku suke haɗe da bututu ɗaya, domin tururin maƙwabciya yana iya dawowa ta baya ya same ka a ciki. A auna iskar ciki, iskar shaƙa kada ta gaza kashi 19.5 cikin 100, kuma mutum ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa har ka fito. Ka zazzage aljihunka kafin ka shiga, domin sifana ko biro da ya faɗa cikin bututu yana iya toshe shi.

Kayan aikinka kaɗan ne: tocila, da ƙaramar guduma, da madubi, da abin kankara, da na'urar auna kaurin ƙarfe ta hanyar sauti. Dabarar tocila ita ce kada ka haska ƙarfen gaba da gaba. Ka kwantar da ita a jikin farantin yadda hasken zai bi shimfiɗar ƙarfen, sai ka ga kowane kumburi da kowane rami ya yi inuwa. Abu na farko da za ka nema shi ne ƙanzo, wato ɓawon farar ƙasa da ruwa mai gishiri yake bari a jikin ƙarfe. Duk wanda ya taɓa kankare gindin tukunyar tuwo ya san kamanninsa, sai dai a nan yana shiga tsakanin ƙarfe da ruwa ya hana zafi wucewa, ƙarfen ya ƙone alhali ruwa yana cike. Maiƙo a ciki ma haka yake yi, kuma ko kaɗan ne sai an gano ta inda ya shigo. Na biyu shi ne ƙananan ramuka masu kama da zanzana, waɗanda iskar da ta narke a ruwa take haƙawa, musamman a daidai layin da ruwa yake tsayawa. Sau da yawa suna ɓoye ƙarƙashin ƙullutun tsatsa, sai ka kankare ka ga zurfinsu. Rami ɗaya mai zurfi a keɓe ya fi sauƙi a kan ramuka da suka jeru a layi, domin jeri yana raunana farantin kamar ɗinkin da ake shirin farkewa. Na uku shi ne tsaga, kuma wurarenta sanannu ne: gefen walda, da tsakanin ramukan bututu a farantin da yake riƙe su, da lanƙwasar faranti, da haɗin tsofaffin tukwane masu ƙusoshi. Ka leƙa kowace kafa da take zuwa gilashin ruwa da na'urar kashe wuta da bawul ɗin tsira, ka ga haske ya wuce. Sannan ka koma ɓangaren wuta ka duba tubalin da yake kare ƙarfe, da inda harshen wuta yake lasar bututu kai tsaye, da toka mai danshi wadda take cin ƙarfe daga waje.

Inda ka yi shakkar kauri, ka auna, ka lissafa ko abin da ya rage zai ɗauki matsin da aka rubuta. A bikin baje kolin gundumar Medina ta jihar Ohio, a watan Yuli na 2001, wata tsohuwar tarakta mai tururi ta fashe ta kashe mutum biyar, aka tarar farantin da ke saman gidan wutarta ya sirance ƙwarai saboda tsatsar shekaru. Bayan haka Ohio ta kafa tsarin dubawa da lasisi na tukwanen tarihi.

Gyara, rahoto da jan tambari

Duk walda a jikin sashen da yake ɗaukar matsi sai kamfani mai hatimin R, wato shaidar izinin gyara ta National Board, ya yi ta, da amincewar sufeto tun kafin a fara, a kuma cike takardar gyara bayan an gama. Idan ka ga sabuwar walda babu takarda, ka ɗauke ta a matsayin laifi ko da ta yi kyau a ido. Bayan babban gyara ana iya gwada tukunyar da matsin ruwa. Sabuwar babbar tukunya ana gwada ta da ninki ɗaya da rabi na iyakar matsinta, wadda take cikin aiki kuwa sufeto da mai ita suna daidaitawa a kan matsin da ya dace bisa ƙa'ida. Ruwa ake amfani da shi domin ba ya matsuwa, idan ƙarfe ya gaza sai dai ya tsiyaye, kuma ba a amfani da ruwa mai tsananin sanyi saboda yana sa ƙarfe gautsi. Abin da ya faru a birnin St. Louis ranar 3 ga Afrilu, 2017, ya nuna illar gyaran rabi da rabi: wani tankin ruwan zafi mai matsi a masana'antar kwalaye, wanda tsatsa ta cinye gindinsa aka taɓa yi masa gyaran da ya bar ruɓaɓɓen ƙarfe a wurin, ya fara yoyo aka ci gaba da aiki da shi, ya tashi sama ya faɗa wani kamfani na maƙwabta, mutum huɗu suka mutu. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta tarayya ta gano cewa hukumar birnin ba ta taɓa duba tankin ba.

Kafin ka tafi, ka zauna da mai wurin ka gaya masa abin da ka gani baki da baki, kada ya fara jin labari a wasiƙa. A rahoto ka rubuta abin da ka gani, da inda yake, da girmansa, da sashen dokar da ya saɓa, da wa'adin gyara. Ka bambanta abin da doka ta wajabta da abin da kake ba da shawara kawai, domin cakuɗa su yana zubar da ƙimar rahoton. Idan komai ya yi daidai, ofishin babban sufeto zai fitar da takardar izini bayan an biya kuɗinta. Idan kuwa akwai haɗari na nan take, kana da ikon sa a kashe wuta ka rataya jan tambari, ka sanar da babban sufeto a ranar. A nan ne za ka sha roƙo, domin manajan masana'anta zai ce yana da odar da zai cika, shugaban makaranta zai ce yara za su sha sanyi. Abin da za ka iya yi musu shi ne ka nuna musu hanyar hayar tukunyar wucin gadi, wadda ita ma sai an duba ta, ka kuma yi alkawarin dawowa da zarar an gama gyara. Mai tukunya yana da damar ɗaukaka ƙara gaban hukumar jiha, kuma a can rahotonka ne zai tsaya a madadinka.

Idan an sami fashewa ko mummunan rauni, doka ta wajabta wa mai tukunya ya sanar da jiha ba tare da jinkiri ba, kuma kada a taɓa komai sai don ceton rai ko hana ƙarin ɓarna. Idan kai aka tura, ka ɗauki hoton kowane bawul a yadda ka same shi kafin wani ya juya shi, ka karɓi littafin aiki, ka sa a ware bawul ɗin tsira da na'urar kashe wuta a rufe su a kai wurin gwaji ba tare da an kwance su ba. Ka dubi launin ƙarfen da ya yage, domin shuɗi-shuɗi da sirancewar baki suna nuna ƙarfen ya yi zafi fiye da kima kafin ya gaza, tsohuwar tsaga kuwa bakinta yana da duhun tsatsa kusa da sabon karaya mai sheƙi. Ka ji ta bakin waɗanda suke wurin ɗaya bayan ɗaya tun abin yana sabo a ransu, sannan ka nemi jerin sauran tukwane masu irin wannan ƙira ko irin wannan na'ura a yankinka, ka sa su a gaban jadawalin dubawa.